JIRGIN SAMA NA CIKIN KWAMFUTA: IN ALLON MATUƘI YA YI BAƘI, LAIFIN WA?

Ran Talata 18 ga watan Agusta 2020 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fito da sabon samfurin manhajarsa ta kwaikwayon tuƙin jirgin sama, watau Flight Simulator, bayan shekara 14 da fitowar wadda ta gabace ta. Kamfanin Asobo da ke birnin Bordeaux na ƙasar Faransa aka ba aikin ƙera ta. Tun daga ran nan mutane masu ɗimbin yawa a ƙasashe dabam dabam suke kwana gaban kwamfuta, suna ɗaga jirgi daga Landan su sauke shi a Alƙahira, ko daga Ikko zuwa Kano, alhali kuwa ba su ɗaga daga kan kujerarsu ba.

Ita manhajar tana zuwa da nata jiragen, to amma waɗanda abin ya shiga jininsu ba sa gamsuwa da su, domin a ganinsu an sauƙaƙa su ainun. Saboda haka sai su nemi jiragen ƙari, watau waɗanda wasu kamfanoni dabam suka ƙera don a ɗora su a kan manhajar, aka kuma kwaikwayi wayoyinsu da famfunansu da maɓallansu ɗaya bayan ɗaya kamar na jirgin gaske. A watan Mayu 2022 kamfanin PMDG ya fito da Boeing 737-700 a kan kusan dala 70, a cikin wannan wata kuma kamfanin Fenix ya fito da Airbus A320 a kan kusan fam 50 na Ingila. Akwai kuma wata ƙungiyar 'yan sa kai mai suna FlyByWire, wadda take ba da nata jirgin, A32NX, kyauta ga duk mai so.

To, mutum ya zuba kuɗinsa, ya ɓata yini yana sauke jirgi ta intanet, ya shiga ɗakin tuƙi da ɗoki, sai ya tarar alluna duka sun yi baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Ko kuwa sun kama, amma lambobi sun daskare, ko jajayen haruffa sun cika su, ko hoton yana rawa. Wannan ita ce ƙarar da masu ƙera jiragen ƙari suka fi ji, kuma ita ce ta fi jawo zage-zage tsakaninsu da masu saye.

Abin da ya sa maganar take da wuya shi ne hannuwa sun yi yawa a cikin tukunyar. Akwai Microsoft da Asobo masu manhaja, akwai mai jirgin ƙari, akwai kamfanin da ya ƙera katin hoton kwamfutar, watau Nvidia ko AMD, akwai Windows da komai yake zaune a kanta, sa'an nan ga shi mai tuƙin da irin abin da ya cusa da hannunsa. Kowannensu yana iya nuna ɗan'uwansa da yatsa, kuma sau da yawa kowa yana da 'yar gaskiyarsa.

KAFIN A CE YA LALACE

Wanda ya san harkar, tambayarsa ta farko ita ce: shin an ma kunna jirgin kuwa? Mai karatu kada ya yi dariya, domin da yawa daga cikin masu kuka a nan suke faɗuwa.

Jirgin A320 na gaske, wanda ya fara tashi a Toulouse cikin watan Fabrairu 1987 ya kuma fara jigilar fasinja a 1988, alluna shida ne a gaban matuƙansa. Kyaftin yana da biyu, mataimakinsa biyu, sa'an nan biyu a tsakiya, ɗaya bisa ɗaya. Ɗaya daga cikin na kowane matuƙi yana nuna karkatar jirgi da gudunsa da tsayinsa a sama, ɗayan yana nuna taswira da hanya. Na tsakiya na sama shi ke ba da labarin injuna da gargaɗi, na ƙasa kuma yana nuna wuta da mai da iska da sauran kayan cikin jirgi.

Idan aka ɗauki jirgin ƙari daga ƙofar shigar fasinja, za a same shi a mace, kamar yadda ma'aikata suke tarar da na gaske da asuba. Sabon shiga sai ya danna maɓallan batir guda biyu da ke bisa kansa, ya ga 'yan fitilu sun kama, ya zauna yana jiran alluna. Ba za su zo ba. A jirgin gaske da yake tsaye a ƙasa batir kaɗai ba ya kunna allunan nan, sai an haɗa masa wutar filin jirgi, ko an tayar da ɗan ƙaramin injin da ke wutsiya, wanda ake kira APU. Tun da mai jirgin ƙari ya kwaikwayi wannan, baƙin allon shaida ce ta cewa ya yi aikinsa da kyau. Har ƙarfin batir ma ana dubawa, domin ƙa'ida ita ce ya wuce volt 25.5, kuma wanda ya bar batir a kunne ya tafi cin abinci yana iya dawowa ya tarar ba shi da ƙarfin tayar da APU.

Ko bayan wuta ta zo, allunan sukan tsaya su gwada kansu na wani ɗan lokaci da ba ya wuce sakan 40. Kowane allo kuma yana da nasa mamurɗin haske, wanda in aka murɗe shi zuwa ƙarshe sai allon ya mutu ɗungum.

Saura jajayen haruffa. Jirgin yana da na'urori uku masu gane inda yake da inda ya fuskanta, waɗanda suke dogara da juyawar duniya don su gano arewa. In an kunna su sai sun ɗauki mintoci, har zuwa wajen 10 gwargwadon nisan wurin daga tsakiyar duniya, kuma tilas jirgi ya kasance tsaye cik. Kafin su gama, allon karkata da na taswira sukan nuna jan rubutu. Mai gaggawar da ya sa aka tura jirgin baya kafin lokaci ya cika, shi ya ɓata wa kansa aiki. 'Yan FlyByWire dai sun tausaya wa marasa haƙuri, sun sa wuri a cikin ɗan allon hannu na matuƙi inda mutum zai zaɓi a gama nan take, ko da sauri, ko a bi lokacin gaske.

Akwai kuma wani tarko da ya kama mutane da yawa waɗanda suka sayi sitiyarin tuƙi na musamman, irin Honeycomb Alpha, mai jerin makunnai a jikinsa. Makunnin da ke jikin irin wannan sitiyari ba sau ɗaya yake aika saƙo ya yi shiru ba: muddin yana wajen kashewa, haka zai dinga gaya wa manhajar ta kashe. Idan aka bar makunnin batir ko na kayan lantarki a kashe a kan tebur, duk yadda mutum ya danna maɓallin da ke cikin hoto, wutar za ta ƙyafta ta ɗauke. Maganinsa a ɗaga makunnin, ko a shiga wajen tsara maɓallai a cire aikin da aka ɗora masa.

LALACEWAR DA AKA YI DA GANGAN

Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne manyan jiragen ƙari sun iya lalacewa da gangan. Jiragen PMDG da na Fenix suna da wurin da ake zaɓar irin matsalar da ake so ta auku, ko a bar kwamfuta ta jefo ta ba zato, don matuƙi ya gwada kansa. Mutum yana iya kunna wannan a ranar farko yana wasa da maɓallai, ya manta, bayan mako biyu allo ya mutu masa a sama ya hau rubuta wasiƙar zagi.

Irin wannan kuwa yana aukuwa a jirgin gaske. Daren Asabar 22 ga watan Oktoba 2005 wani jirgin British Airways samfurin A319, ƙanen A320, ya tashi daga filin Heathrow na Landan zuwa Budapest da fasinja 76 da ma'aikata 6. Yana cikin hawa, wajen ƙafa 20,000, sai wuta ta sami matsala. Allunan kyaftin biyu da na mataimakinsa biyu da na tsakiya na sama duk suka mutu, na'urar tuƙi da kanta ta saki, rediyo ya ɗauke, yawancin fitilun ɗakin tuƙi suka mutu. Kyaftin ya riƙe jirgin yana duban inda sama ta haɗu da ƙasa ta taga, da 'yan agogunan ko-ta-kwana waɗanda da ƙyar ake ganinsu a cikin duhun. Allo ɗaya tak ya rage, na tsakiya na ƙasa, kuma da shi mataimakin ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya, har bayan kimanin sakan 90 ya danna maɓallin da ke karkatar da wutar muhimman kaya zuwa ɗaya layin. Nan take yawancin abubuwa suka dawo, ba wanda ya ji rauni, jirgin kuma ya ci gaba zuwa Budapest. Hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Ingila ta bi diddigin al'amarin daga baya.

Wannan maɓalli yana nan bisa kan matuƙi a cikin jiragen ƙari masu kyau, kuma yana aiki. A nan ne mai lura zai iya rarrabe lalacewar da aka kwaikwaya da ɓarnar manhaja. Wadda aka kwaikwaya tana da kai da gindi: ƙararrawa za ta yi ƙara, rubutun gargaɗi zai fito, abubuwan da suka mutu kuma za a ga layin wuta ɗaya suke sha. Ɓarnar manhaja ba ruwanta da wayoyin Airbus. Sai ka ga injuna suna ruri, fitilu tar, janareto biyu lafiya, amma alluna shida sun mutu babu ko gargaɗi, ko kuwa jirgi yana gangarowa lambar tsayi tana nan inda take. Wanda yake amfani da manhajar don share fagen shiga makarantar tuƙi, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya wadda aka kafa a 1964, shi ya fi kowa bukatar sanin wannan bambanci, domin in ya saba da cewa maganin mutuwar allo shi ne a kashe kwamfuta a sake kunnawa, to ya koyi ɗabi'ar da ba ta da wuri a sama.

JAKAR DA KOWA KE ZUBA KAYA

In an tabbata ɓarnar manhaja ce, wurin da za a fara leƙawa shi ne wata folda mai suna Community. A cikinta ake zuba duk wani abin ƙari: jirage, filayen sauka, fentin kamfanoni, gyaran sauti, gyaran gajimare. Manhajar tana karanta su duka idan ta tashi, kuma in biyu suka taɓa fayil ɗaya, wanda ta karanta daga baya shi ke danne na farko. Ba kuwa za ta sanar da kowa ba.

Fenti ya fi komai yaudara, don mutum yana ɗauka launi ne kawai. Amma fentin jirgi yakan zo da fayilolin da ke gaya wa manhajar wane ɗakin tuƙi za ta ɗauko. A lokacin da 'yan FlyByWire suka raba jirginsu da A320neo na asali da ya zo cikin manhajar, tsofaffin fentin da aka yi wa na asalin sun zama masu kashe alluna, har ƙungiyar ta dinga gargaɗin a cire su.

Hanyar gano mai laifi ba ta bukatar ilmin kwamfuta, haƙuri take bukata. A kwashe komai daga foldar a bar jirgin shi kaɗai. In ya gyaru, to mai laifin yana cikin abin da aka kwashe. Kuskuren da ake yi shi ne mayar da su ɗaya bayan ɗaya, alhali manhajar tana cin mintoci kafin ta tashi kowane karo. Abin da ya fi shi ne a mayar da rabi. In matsalar ta dawo, tana cikin wannan rabin, in ba ta dawo ba tana cikin ɗayan, sai a sake raba wanda ake zargi biyu. Mai kaya 64 a foldarsa, gwaji 6 ya ishe shi ya kama ɓarawon. Daga baya Asobo ma sun sa wata hanya wadda in manhajar ta rufe kanta ba shiri, da an sake buɗe ta za ta tambaya ko a tashi ba tare da kayan ƙari ba.

Amma babban mai kashe jiragen ƙari shi ne sabuntawa daga wajen masu manhajar kansu. Ran 27 ga watan Yuli 2021 aka fito da sabuntawa ta biyar, wadda ta zo tare da shigar manhajar cikin akwatin wasa na Xbox, aka canza abubuwa da yawa a cikinta, jiragen ƙari da dama suka wayi gari ba sa aiki. Mai jirgin bai taɓa komai ba, mai saye bai taɓa komai ba, ƙasar da suke tsaye a kai ce aka janye. A irin wannan hali babu abin da mai saye zai yi sai ya jira mai jirgin ya fito da gyara, ya kuma tabbata ya sauke sabon samfurin ta hanyar da kamfanin ya tanada.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne yawancin waɗannan jirage ƙwaƙwalwarsu tana cikin wani irin fayil da ake kira WASM, wanda tilas kwamfutar ta fassara shi zuwa harshenta a karon farko, da kuma bayan kowace babbar sabuntawa. Fassarar tana iya cin mintoci masu yawa, a lokacin kuwa komai yana tsaye kamar ya mutu. Mai gajen haƙuri ya kashe manhajar a tsakiyar aikin, sai a bar shi da rabin fassara, gobe jirgi ya zo da matattun alluna. A ƙasashen da ake ɗauke wuta ba sallama, ba sai mutum ya yi gajen haƙuri ba ma kafin wannan ta same shi. Magani shi ne a share fayilolin fassarar na wannan jirgi, a bar kwamfutar ta sake yi daga farko.

MAI GADI DA ƁARAWO

Jirgin Fenix nasa tsarin dabam ne. Ƙwaƙwalwarsa tana zaune a wata manhaja ta musamman da ke aiki a gefe, a can ake zana hotunan alluna a turo su cikin ɗakin tuƙi. In wannan manhaja ba ta tashi ba, ko wani abu ya tare hanyar da ke tsakaninsu, jirgin zai zama kwanko kawai. Abin da ya fi tare hanyar kuwa shi ne manhajar riga-kafi, watau mai gadin kwamfuta, wadda takan ɗauki baƙon fayil a matsayin ɓarawo ta kulle shi. Shi ya sa kamfanoni sukan ce a keɓe musu foldarsu daga binciken mai gadi.

Shawarar tana aiki, amma akwai abin da ya sa tsofaffin hannu suke ɗaga gira in suka ji ta. A watan Fabrairu 2018 aka gano cewa kamfanin FlightSimLabs ya ɓoye wani fayil a cikin manhajar girka jirginsa na A320, wanda aikinsa shi ne kwashe kalmomin sirrin da mutum ya ajiye a Chrome. Shugaban kamfanin, Lefteris Kalamaras, ya ce an yi shi ne don kama masu satar jirgin, ba ya kuma aiki a kan wanda ya saya da kuɗinsa, daga baya aka cire fayil ɗin. Ko da an yarda da wannan bayani, ranar nan mai gadi ne yake da gaskiya. Keɓe folda ɗaya ga kamfanin da aka sani abu ne mai yiwuwa, amma kashe mai gadi gaba ɗaya saboda jirgin da aka tsinto a wani lungun intanet, wannan ganganci ne.

Sauran matsalolin na hoto ne zalla, kuma ba su da wuyar ganewa. Tun da aka shigo da dabarar DLSS ta Nvidia a 2022, wadda take zana hoto ƙarami sa'an nan ta faɗaɗa shi don a sami sauri, masu tuƙi suke kukan lambobin gudu da na tsayi suna barin inuwa a bayansu idan suna juyawa. Wanda ya koma tsarin TAA yakan ga sun washe. Idan allura tana tafiya da tsalle-tsalle, akwai wurin da ake ƙara yawan sabunta allunan ɗakin tuƙi. Idan kuwa walƙiya ko baƙaƙen murabba'ai suka bayyana bayan an sabunta manhajar katin hoto, sai a share ajiyar hotunan wucin gadi, ko a koma samfurin da ya gabata.

Tsofaffi a harkar sukan ce 'yan yanzu ba su ga komai ba. Samfurin FSX na 2006 an gina shi ne a tsarin da ba ya iya amfani da ma'ajiyar aiki fiye da gigabait 4, ko da kwamfutar tana da ninkin wannan sau huɗu. A watan Janairu 2009 kuma Microsoft ya rufe sashen da ke kula da shi, aka bar jama'a da abin da ke hannunsu. Manyan jirage irin Boeing 777 na PMDG, wanda ya fito a 2013, suna cin wuri, filayen sauka na ƙari suna ci, ma'ajiyar kuma tana cika a hankali muddin ana tafiya. Mutum ya yi awa 10 yana ƙetare teku, yana dab da sauka sai fuka-fuki su yi baƙi, gine-gine su ɓace, wata 'yar manhaja ta Peter Dowson mai suna FSUIPC ta fara buga ƙararrawar gargaɗi, daga nan komai ya rufe. Ba a rabu da wannan ciwo ba sai da Prepar3D na kamfanin Lockheed Martin, wanda aka gina a kan tushen FSX, ya fito da samfurinsa na huɗu a 2017 a kan sabon tsarin da ya ɗage wannan iyaka.

Wani lokaci kuma laifin ba ya cikin ɗakin mai tuƙi ko kaɗan. Ran Talata 19 ga watan Nuwamba 2024 aka fito da Flight Simulator 2024, wanda aka tsara shi ya riƙa jawo yawancin kayansa ta intanet ana cikin tafiya, har da sassan jirage. Jama'a suka yi wa manyan kwamfutocin kamfanin yawa, wasu suka yi awoyi suna kallon allon jira, waɗanda suka samu shiga kuma suka tarar jirage sun ɓace daga jeri, wasu ɗakin tuƙinsu bai cika ba. Shugaban aikin, Jorg Neumann, ya fito ya ba da haƙuri. A ranar, duk wanda ya zauna yana share folda yana sake girka manhaja, wahalar banza ya sha. Ga mai tuƙi a inda intanet take da rauni ko tsada, wannan sabon tsari yana nufin tilas ya fara duba ƙarfin layinsa kafin ya taɓa ko fayil ɗaya.

In duk an bi waɗannan matakai allo bai dawo ba, sai a kai ƙara wurin mai jirgin. Masu amsa ƙara suna bukatar lambar samfurin jirgin da ta manhajar, da sunan katin hoto, da filin da aka tashi, da abin da aka danna kafin allon ya mutu, da tabbacin cewa an gwada da foldar Community babu komai sai jirgin. Masu amfani da X-Plane na kamfanin Laminar Research su haɗa da fayil ɗin Log.txt, wanda manhajar take rubutawa sabo duk lokacin da aka buɗe ta. Saboda haka a kwafe shi a ajiye kafin a sake buɗewa, in ba haka ba sabon zai hau kan tsohon.